Inna Ba Ta Iya Kwanciya Ba

Tun da na yi wayo nake ganin mahaifiyata tana jinyar mutanen da ba mu haɗa komai da su ba. A ƙauyenmu da ke gefen Kunci gidajen Kirista ba su da yawa, amma in mace ta fara naƙuda ko tsoho ya faɗi a gona, Musulmi ne ko Kirista, gidanmu ake fara aikowa. Sai Inna ta bar muciya cikin tukunya, ta yafa gyale, ta ce da ni, “Ƙarasa tuwon nan, yanzu zan dawo.” Sau da yawa sai washegari muke ganin ta. Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya koma cin tuwona mai gudaji.

Ran Lahadi ita ke share coci, ita ke ba da waƙa a zumuntar mata, ita ce ta ƙarshen fitowa. Mu ’ya’yanta muna raɓe a inuwa yunwa na cin mu, ita tana ciki tana yi wa wata addu’ar ciwon gwiwa.

Da girma ya zo, hawan jini ya kama ta. Wata damina ta yanke jiki ta faɗi a gonar gyaɗa, muka kai ta asibiti, aka ba ta gado. Likita ya ce, “Inna, hutu kike bukata. Ko kofi kada ki ɗaga.” Ta ce, “To, ɗana.”

Na fita sayen magani. Da na dawo, gadon wayam. Can ƙarshen ɗakin na hango ta, robar ƙarin ruwa na manne a hannunta, tana ba wata Bafulatana kunun da na dama mata da kaina. Mai jinyar matar ta koma ruga, ba ta dawo ba.

“Inna, me likita ya ce miki?”

“Kofi ya hana. Wannan cokali ne.”

“Ke fa aka kwantar.”

“Ita ma kwantar da ita aka yi, kuma ba ta da ke. Tunda kin tsaya, tallafe mata kai.”

Na tallafe, raina a ɓace. Har aka sallame mu ban daina mita ba, ita kuma ba ta daina zagaya gadaje ba.

Bayan damina biyu ta rasu, tana dawowa daga gaisuwar wata mai jego. Matan zumunta suna waƙa a tsakar gida, maƙwabtanmu Musulmi sun cika tabarmi a waje, sai wata tsohuwa ta jawo ni gefe. Ta yi mini ta’aziyya, sannan ta ce Inna ta yi alkawarin raka surukar ita tsohuwar awon ciki Ɗambatta ran Litinin, yanzu wa zai kai ta?

Na ce, “Iya, ki bari mu binne ta tukuna.”

Ta ce, “Haka ne, ’yata. Sai dai motar da sassafe take tashi.”

Ni na kai ta, a tsaye ma muka wuni a layi.