Gardamar Samuwar Allah a Zauren Ɗan Kwangila

A shekarun da kuɗin mai suka ɓarke, ina koyarwa a wata firamare a Sheme. An yi mana ƙarin albashi, kowane malamin makaranta ya sayi babur da rediyo yana hura hanci, amma duk mu ƙananan alhaki ne. Mai kuɗin garin shi ne wani Alhaji, tsohon dillalin auduga a Daudawa, wanda ya kwanta dillali ya tashi ɗan kwangila. Ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya, ya rushe zauren ƙasa ya yi na siminti, ya sayi mota. Abin da ya rage masa kawai shi ne nishaɗi. Wasu masu kuɗin 'yan dambe suke ajiyewa. Shi kuwa Allah Ya ba shi ɗan ƙanwa.

Saurayin nan falsafa yake karantawa a jami'a. Ya zo dogon hutu da wando mai share ƙasa, da suma tuli guda an soke mata matsefi. Bai kwana biyu ba ya sanar a teburin mai shayi cewa shi ba ya karɓar komai sai da hujja, har samuwar Allah. A wani gidan da rubutu za a ɗura masa, ko a sa masa bulala. Alhaji kuwa dariya ya yi har da buga cinya, ya ce a kira masa Malam.

Malam na'ibin liman ne, siriri, ya karanta tauhidi sosai, sai dai zuciyarsa a kusa take. Aka tsai da magana: kowace Juma'a in an sauko daga masallaci za su kara a zaure. Shi ma saurayin yana zuwa masallacin, don uwarsa ta rantse za ta tsine masa in bai je ba, amma ya ce mana nazarin al'umma yake zuwa yi. Mu 'yan kallo kuwa shinkafa da kaji da lemon kwalba suka tara mu. Alhaji yakan ajiye rikoda a tsakiya, ya danna, ya ce, "To, a gwabza!"

Ranar farko Malam ya nuna rufi.

"Wa ya gina wanga zaure?"

"Magina."

"To zaure bai gina kanshi ba, duniya ce za ta gina kanta?"

"Allah gafarta Malam, shi maginin wa ya gina shi?"

Malam ya ce in kowane magini sai ya jira an gina shi, to da har yau ba a aza tubali ko ɗaya ba, dole akwai na farkon da bai jira kowa ba. Amsa ce mai kyau, amma babu wanda ya ji ƙarshenta, don Alhaji ya miƙe yana ihu, "Kisa! Malam ya yi kisa!" A zauren nan wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya, kuma mai kaji shi ne alƙali.

Wata Juma'ar saurayin ya zo da sabon makami. Ya ce babu wanda zai iya tabbatar da cewa duk abin da muke gani ba mafarki ba ne. Jan hular Alhaji ma, in ji shi, a idonmu jan yake, ba a hular ba. Yana wannan bayani yana nuni da cinyar kaza. Sai Malam ya ce, "Ai mu ma haka muka ce. Duniya barci ce, sai an mutu a farka." Suka dubi juna a firgice, don sun yi tuntuɓe sun faɗa ra'ayi ɗaya. Alhaji ya ɓata rai, ya ce shi bai yanka kaji don a zo a yi masa sulhu ba.

Shi ma Alhajin yana da tasa hujjar, wato shi kansa. "Bara war haka a kan keke nake, bana ga ni a mota. Wa ya yi wannan in ba Allah ba?"

"To Kawu, wanda geronsa ya ƙone fa?"

"Bai iya roƙo ba."

Na ga Malam ya sunkuyar da kai. Ya san maganar ba ta kan hanya, amma babbar rigar da ke jikinsa daga ɗakin Alhaji ta fito.

Da wasan ya fara gundurar mutane, sai Alhaji ya aika a kawo masa wani dattijo Bamaguje daga wata unguwa a bayan Mabai, wanda yake sayen dawa a hannunsa. Damina ta yi tsakiya a lokacin. Dattijon ya iso a makare, wandonsa a jiƙe har cinya, ya ce rafin da ke kan hanyarsu ne ya kawo. Kowa kuwa ya san tun bara aka ba Alhaji kwangilar gada a kan rafin nan. An biya shi, ma'aikatan gwamnati sun zo sun ci rago sun shaida an gama, amma ko buhun siminti ba a taɓa saukewa a wurin ba.

Alhaji ya yi maza ya ce, "Baba, ku a wurinku akwai Allah ko babu?"

"Akwai Shi mana. Sai dai kamar Gwamna yake, ban sa ran ya zo gonata. Ni da na kusa nake hulɗa, na gindin tsamiya."

Nan take Malam da saurayin suka yi masa ca, wannan na cewa shirka, wancan na cewa camfi. Dattijon bai ko ɗago ba, shinkafa ce a gabansa. Da ya ƙi kula su sai suka koma kan juna. Saurayin ya ce shi dai abin da bai gani ba babu shi.

"Kana ganin iska?" in ji Malam. "Kana ganin hankalinka? Ba duk abin da ke akwai ake gani ba!"

"Faɗa mashi, Malam!" in ji Alhaji.

Saurayin ya gyara matsefinsa. "Shi ke nan Kawu, na sallama. Ga gadarka ma, ba wanda ya taɓa ganinta, amma gwamnati ta yi imani da ita har ta biya."

Rikoda kuwa tana ta ɗauka. Alhaji ya kashe ta, ya zare kaset ɗin ya jefa aljihu.

"Ashe yaron nan kafiri ne!"

Damina guda yana jin ana musun Ubangiji yana tafi, sai ranar ya gano. Ya juya ga Malam ya ce ya yanke wa yaron hukunci yanzu-yanzu. Malam ya yi gyaran murya, ya dubi wandon dattijon, ya ce shi dai a karatunsa gada ba ta cikin abubuwan da aka wajabta imani da su. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Daga ranar aka rufe zaure. Alhaji ya ɗauko makaɗi, tunda makaɗi ba ya tambaya. Aka kora saurayin Sabuwa wurin uwarsa, aka daina kai wa Malam buhun shinkafa, mu kuma muka koma kan tuwon dawarmu muna jin haushin falsafa.

Ana nan sai wata rana Malam ya zo ya ce in ɗauke shi a babur zuwa Sabuwa, wai ya tuno wata amsa. Muka samu saurayin an aske masa suma. Suka zauna a gindin ɗorawa, babu rikoda babu 'yan kallo, sai ƙwaryar fura. A nan na fara jin su suna magana a hankali. Saurayin ya ce abin da ke damunsa shi ne ƙanwarsa da ƙyanda ta kashe, me ta yi? Malam ya ce, "Ban sani ba. Ni ma na binne biyu." Amsar da ya zo da ita bai ma faɗe ta ba. Da la'asar ta yi ya tashi yin alwala, saurayin ya riƙe masa buta.

Bayan shekaru na gamu da saurayin a Ƙanƙara wurin wata ta'aziyya. Ya zama babban ma'aikaci, ya yi teɓa, ga carbi mai tsawo, an ce sahun farko a masallaci ba ya wuce shi. Na ja shi gefe na tambaye shi wace hujja ce ta Malam ta ci shi da yaƙi.

Ya ce, "Ba ko ɗaya. Har yau ina da amsarsu duka. Kai dai ba ka taɓa shiga motar haya ba ka ga direba yana gyangyaɗi a hanyar Funtuwa."