Ranar da Abdulbaƙi Ya Bi Takalma a Salvador

Duk wanda ya zauna unguwar Hindawiyya ta Jidda ya san Abdulbaƙi mai duba yanka. A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne ya zo Hajji daga Katsina bai koma ba. Aikinsa tabbatar wa masu shigo da kaji cewa yankan halal ne. Mutum ne mai sanyi, ko taksi ba ya tsayarwa da ƙarfi.

Shekarar da kamfani ya tura shi Brazil, matarsa Amatullah ta ce ƙafarta ƙafarsa. Da aiki ya ƙare suka biya ta birnin Salvador, sai suka tarar ana bikin titi. Mai masauki ya ce su bar waya a ɗaki saboda 'yan sane. Suka bari. Katin masaukin kuwa, da dabinon da take ci in sukarinta ya sauka, duk suna aljihunsa.

"Kallo kawai fa, ya Abu Mu'az, mu dawo kafin la'asar."

"Halas, shi ke nan. Riƙe hannun rigata."

Can sai ga wata ƙungiya ta danno kai, maza zalla, farare fat da rawuna, an kewaye su da igiya. Masu riƙon igiyar suka ga farar doguwar rigar Abdulbaƙi, suka ga rawaninsa, suka ɗauka nasu ne ya makara. Suka ɗaga igiya suka fizgo shi ciki. Ya ji hannunta ya zame.

Kafin ya ƙwaci kansa ya fito, an ja shi gaba da nisa. Ya ƙwala kiranta, ganguna suka haɗiye muryar. Ba ta da waya, ba ta jin yaren, kuma tun safe shayi kawai ta sha.

To, ga abin da Jidda ta koya masa. A kasuwar Balad, inda mata ke sanye da baƙin lulluɓi irin na Amatullah daga sama har ƙasa, da takalmi miji yake gane matarsa. Shekara ashirin da shida haka yake yi. Sai bawan Allah ya sunkuyar da kai yana bin ƙafafu, yana neman silifa ruwan ƙasa. Aka taka shi, aka watsa masa giya a kafaɗa, bai ɗago ba. Ƙafa dubu, babu tata.

Ya yi karo da teburin wata dattijuwa mai suyar ƙosai da manja. Ta zazzaga masa faɗa da yarenta. Ya nuna zobe, ya zana lulluɓi da hannu: "Matata, ya hajja, matata!"

Dattijuwar ta kalle shi, ta kama haɓarsa da hannu duk mai, ta ɗaga sama. Ta buga akwatin ƙanƙarar da ke gefenta, alamar ya hau.

Ya hau. Titi maƙil da ja da rawaya da fari, ga ɗigon baƙi guda ɗaya tak a jikin wani shuɗin bango. A zaune.

Bai san yadda ya keta ba. Ya tarar da ita ta jiƙe da gumi, wasu 'yan mata biyu masu ƙyalƙyali a fuska suna mata fifita, ɗaya ta kafa mata kofin ruwan rake a baki. Ta shanye, ta yi ajiyar zuciya, sukarinta ya fara dawowa daidai.

Shi kuma ya zube kusa da ita.

"Yalla, tashi," in ji ta a hankali. "Ka ce wa yaran nan su ƙaro kofi biyu."