Hodar mushe a gindin wakena

Shekarar da na yaye ɗana na fari, na shuka wake a gonata can bakin Gulbi, ƙasan Jiratawa. Ruwa ya ɗauke da wuri, sai jan ƙwaro ya sauka. Ƙanana ne kamar garin barkono, suna maƙale a bayan ganye suna saƙa yana. Ganye ya yi ɗige-ɗige, ya koɗe, ya fara zuba. Na barbaɗa toka, na jiƙa taba na watsa, duk a banza.

Rannan sai ga malamin gona daga Maradi, wanda ake ce wa mushe, gardin kumandan, wato dogarin Nasaran da ke mulkin ƙasar, na biye da shi da buhu a ka. Ya tattake kunyoyina da takalmi.

"Ke, ina mai gonar?"

"Ga ni."

"Mijinki nake nufi."

"Yana Tsibiri. Gonar tawa ce."

Ya ce kumandan ya yi umurni a tona gindin kowane wake, a zuba farar hodar da ke cikin buhun, a rufe. Saiwa za ta sha, ƙwaro ya tsotsi ganye ya mutu. Na ce to mu masu dafa ganyen fa, da awakina masu cin harawa? Ya yi wa gardi Faransanci, suka kwashe da dariya.

"Baƙauya. Ki tona ko ki kwana a kaso."

Na tona da hannuna, warin hodar yana sara mini kai, shi yana zaune a inuwar gawo. Duk ramin da na rufe sai na tsine masa a zuci.

Zabina suka bi sabuwar ƙasa suna tsattsaga. Kafin la'asar duk sun miƙe ƙafa. Kashegari na ɗaure su, na taka har Maradi, na zube wa mushe su a bakin biro, ofishinsu.

"Ga ƙwarin da ka kashe."

"Wa ya ce ki sake su?"

"Wa ya ce mini in tsare su?"

Gardi ya wanke ni da mari, ya turo ni waje.

Abin haushi, waken ya farfaɗo, ya yi sabon ganye, ya yi ƴaƴa. Mushe ya kawo wani Nasara yana nuna masa gonar da sanda kamar ta ubansa. Nasaran ya tambayi abin da na gani. Na ce Allah ya isa tsakanina da su. Mushe ya juya masa maganar da murmushi, Nasaran ya gyaɗa kai, har da miƙo mini hannu. Na bar hannun nan a iska.

Da na roro waken, na tara harawar na cinna mata wuta. Ranin nan awakina kara suka ci, suka rame har ana ganin haƙarƙarinsu.