Tocilar da Kawu Ya Shiga da Ita Ɗakin Ɓeraye

Shekara ashirin da shida kawuna ya yi yana kiwon fararen ɓeraye a wata cibiyar bincike, har muka laƙaba masa Sarkin Ɓera. Bai taɓa jin haushi ba. Cewa yake ɓerayensa sun fi mu tarbiyya, ko ba komai suna kwanciya a kan lokaci.

Aikinsa shi ne juya musu rana ta koma dare. Bakwai na safe zai kashe fitilu, ya bar ɗan jan ƙwai guda wanda haskensa bai dami ɓera ba. Cikin wannan duhun yake share keji, ya cika kwalaben ruwa. Dakta, matar da yake wa aiki, takan ciro wani ɗan ƙulli daga ƙwaƙwalwarsu, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta auna ko duhu na sa shi ƙara sarrafa sinadarin da jiki ke rage wa kansa raɗaɗi da shi. Farin haske ko na minti ɗaya ya isa ya lalata awon. Kawu ya fi kowa sanin haka.

Sai idonsa ya fara rauni. Lambar keji ma ba ya iya karantawa a jan hasken. Saura shekara huɗu ya yi ritaya, ga 'ya'ya biyar, kuma ya san ranar da aka gane ba ya gani a ɗakin, ranar zai bar aiki. Ya sayi 'yar tocila. Ya haska nan, ya haska can, ya mayar aljihu. Wata goma sha huɗu yana haka.

Awon Dakta ya ƙi daidaita. Ta zargi na'ura, ta canza sinadarai, ta sa aka ƙaro ɓeraye. Shi ya raine su tun suna jajaye, shi kuma yake kai mata su kan tebur, bakinsa gum. Wannan shirun nasa har yau yana ci mini rai, duk son da nake masa.

Wata Laraba ta same shi yana wankin kwalabe.

"Baba, sun ce za a rufe aikin," in ji ta. "Shekara uku ba abin nunawa. Ina ga dai ni ce ban iya ba."

Ya goge hannu, ya ciro tocilar ya ajiye gabanta.

"Ba ke ba ce, Dakta. Idona ne."

"Tun yaushe?"

Ya faɗa mata.

"Haba Baba. Ai da ka faɗa mini, da na nema maka wankin kwalaben nan kaɗai."

Gaskiyar ba ta ceci kowa ba. Aka rufe aikin, aka ba shi takardar sallama. Ɓeraye tamanin suka rage, duk sun sha haske, ba su da sauran amfani. Ranar Juma'arsa ta ƙarshe aka roƙe shi ya tsaya ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya a yi musu allurar mutuwa, don a hannunsa ne kawai ba sa cizo.