Surukina Baba Labbo Loko

Duk wanda ya san Baba Labbo ya san 'yar gudumar nan da ba ta barin aljihun rigarsa. Shekarun da ya yi yana gyaran kawunan jirgin ƙasa na kaya, wato loko, a tashar Kaura sun saba masa da ƙwanƙwasa ƙafar jirgi ya kasa kunne, ya ji ko ta tsage. Shi ya yi ritaya, guduma ba ta yi ba. Tukunya a kasuwa, ƙofar masallaci, tayar motar baƙo, har kankana, sai ya ɗan buga ya karkata kai. Ni kuwa Allah ya yi ni ne mijin ɗiyarsa Hadiza, kuma duk kunyar da ya kamata ya ji a duniya ni na ji masa ita.

Da jirgi ya daina zuwa Kaura, an bar wani tsohon kai a ƙarshen layi, irin mai shan gas ɗin nan da injinsa ke juya janareta, janareta ya ba ƙafafu wuta. Ba wanda ya ba Baba amanarsa, shi ya ɗaukar wa kansa. Ya raɗa masa suna Dattijo. Kullum yana can yana kankare tsatsa, yana korar awaki. In ka ce kan jirgin nan ya mutu, sai ya ce, "Bai mutu ba, wuta ce ta ɗauke mai."

Ranar da na fara zuwa gaishe shi ina neman aure, na ci farar shadda sabuwa ful. Aka ce yana wurin Dattijo. Na tarar ƙafafunsa kaɗai ke waje, na durƙusa kan duwatsun layi na yi sallama.

"Wa ke nan?"

"Sani ne, Baba, daga Shinkafi."

"Madalla. Hannunka siriri ne?"

Ban san amsar da ake ba suruki a nan ba, na ce siriri ne. Ya ce in shigo in riƙe masa wani noti. Na fito kamar an tsamo ni daga gangar baƙin mai, kuma hanyar tashar mota sai ta tsakiyar kasuwa. Da magabatana suka je, abin da ya ce musu shi ne, "Na ba shi. Wayo dai babu, amma in ya riƙe abu ba ya saki."

Wata Alhamis kuma ya biyo ni kasuwar Shinkafi, inda nake sayar da hatsi. Muna cikin gaisawa da mutane wata babbar mota ta danna hon. Baba ya tsaya cak.

"Muryar Dattijo ce wagga."

Ashe hon ɗin da aka sace masa tun bara ne. Direban kuwa shi ke ɗaukar mini kaya, mutumin da muke mutunci. Baba ya shimfiɗa buzunsa a gaban motar ya zauna. Direba ya rantse a hannun 'yan gwangwan ya saya.

"Ban ce kai ɓarawo ba ne," in ji Baba. "Amma an yi shi don shanu su ji daga nesa su bar layi, ba don ka firgita mai tallar fura ba."

Jama'a suka taru ana tambayar tsohon wa ne wannan. Na sulale bayan buhuna. Sai na ji ya ɗaga murya, "Ga surukina can ya laɓe bayan gero, shi zai kwance." Na hau kan mota da sufana, 'yan dakon da nake ba umarni suna ƙasa suna nuna mini inda zan juya.

Babbar kunyar ita ce ta shekarar da aka ce za a zo a duba tsofaffin kawuna, a ware na gyara, sauran a yanka a sayar da ƙarfe. Baba ya daina cin abinci. Ya wanke bututun mai, ya sake naɗa wayoyi, ya haɗa gas kwalba-kwalba. Batir ne kawai babu. Da safiyar ranar na ji hayaniya a ƙofar gidana na Kaura. Direbobi ne, rabin motocin tasha sun ƙi tashi. Ashe Baba ya bi yaran motarsu ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Sani ya ce a ba ni aron batir."

Suka tasa ni gaba har ƙarshen layi. Masu dubawa na tsaye da kayansu fes, Baba na cikin Dattijo. Dattijo ya yi tari, ya sake yi, ya feso baƙin hayaƙi da sheƙar tsuntsaye a kan kowa, sannan ya kama ruri har ƙasa na rawa. Ya matsa gaba kamar taki ɗaya. Direbobin da suka zo faɗa suka ɓuge da kabbara. Masu dubawa suka goge fuska suka ce wannan ba na yanka ba ne. Baba ya leƙo ta taga.

"Ku gode wa surukina, shi ya ba da batura."

Sai direbobi suka tuna da ni. Na yini ina tura baro, ina mayar da batir ina ba da haƙuri.

Daga baya aka ja Dattijo zuwa babban wurin gyara, Baba kuma ƙafa ta ƙi. Ya so ya koma Zurmi, mahaifarsa, hanya ba ta da lafiya, sai muka ɗauko shi gidana. Ana saura kwanaki ya rasu ya kira ni.

"Sani, na sha ba ka kunya gaban mutane."

"Ba komai, Baba."

"Da komai, ina ganin yadda kake sunkuyar da kai. Ɗa namiji ne Allah bai ba ni ba. In ban kunyata ka ba, wa zan kunyata?"

Na kasa ɗago ido. Na dai riƙe hannunsa, duk ya yi kanta, har barci ya ɗauke shi.

Allah ya ji ƙan Baba Labbo, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.