Jallabiyar da Inna Ta Ƙi Gogewa

Jallabiyar kittan, wato yadin lilin, guda ɗaya Baba ya mallaka, fara, kuma Inna ba ta yarda kowa ya wanke ta. Ruwan da mai jaki ke kawo mana a Gadarif ja ne, don haka sai ya kwanta a randa ta tace. Ba ta sa ruwan zafi, ba ta murɗawa. A inuwar dalbejiya take shanya ta, ta ɗauke da sauran danshi, ta ninke a kan gungume, ta yi ta bugu da mabugin da kakarta ta zo da shi daga yamma, har rigar ta yi sheƙi. Duk unguwa an san wannan sheƙin namu ne, jikokin mahajjatan da suka yada zango a nan ba su koma gida ba.

Shekarar da zan zauna jarrabawar gama sakandare aka ce sai da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Lokacin ko'ina wa'azi ake yi cewa Musulmi duk ɗaya ne, amma mu sai mun kawo shaida. Baba zai raka ni ofis, ni kuma tsoro ya cika ni. Na aro dutsen guga na gawayi a maƙwabta.

Na ce, "Inna, a goge rigar Baba kamar ta kowa. Suna ganin bugun nan za su gane mu."

Ta ce, "To ɓarayi ne mu, ya binti, 'yata? Kittan ba ya son wuta. Halas, magana ta ƙare, mayar musu da kayansu."

Da safe Baba ya sa ta, muka tafi. Ma'aikacin bai ko buɗe takardunmu ba. Ya kalli rigar, ya murza bakin hannunta da yatsu biyu, sannan ya tambayi Baba da Larabci inda aka haifi kakansa.

Baba ya ce, "Kabarin ubana yana Gadambaliya, nan kusa da garin nan. Shi ya sare ƙayar gonakin da ake noma dawar da kake ci."

Mutumin ya ce mu dawo da shaidu huɗu, kuma gara Baba ya zo da tufa irin ta mutane. A nan raina ya ɓaci, ɓacin da har yau bai huce ba. Ni da na aro dutsen guga, ni ce na ce masa wannan ma tufar mutane ce, kuma ta fi tasa tsabta. Baba ya ja ni waje.

Sau biyar muka koma, kowane zuwa da bugaggiyar riga. Takardar ba ta fito ba sai bayan an gama jarrabawa. 'Yan ajinmu suka wuce Khartum, ni na zauna gida shekara guda ina tuƙa tuwo. Na yi kuka sosai, amma ban taɓa cewa da ma an goge ta ba.