Uwata Ta Iso?

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, idan ka ce kana neman Malam Rilwanu sai an tambaye ka wanne. Idan ka ce Malam Labo, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya zai kai ka. Labo ɗin nan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ne na makarantar sakandaren da ya yi shekara goma sha tara yana koyarwa a cikin gari. Babu komai a ɗakin sai kwalabe marasa murfi da famfon da ya daɗe da manta ruwa, amma mabuɗinsa ba ya barin aljihun Malam, daga nan sunan ya bi shi.

Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro. A Bangui aka haifi ubansa, a nan aka haife shi. 'Yan'uwansa duk kasuwa suka shiga, shi kaɗai ya ɗauki alli. Hausa yake yi a gida, Sango a titi, Faransanci a aji, in ransa ya ɓaci kuma ya haɗa ukun a numfashi ɗaya.

'Yarsa ɗaya ce. An haife ta a 1996, a makon da sojoji suka yi bore, ungozoma na aiki ana jin harbi daga cikin gari. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Kubura. Ga ta 'yar fari, ga ta da sunan uwa, kunya ta zama biyu, don haka sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. A gida "uwata" yake ce mata. Ita kuwa tsohuwar, Hajiya ce, bai taɓa kiranta da wani abu dabam ba. Matarsa ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, Hajiya ta raine ta. Da yarinyar ta kai ajin ƙarshe ta faɗo ajinsa, in yana kiran suna ya zo layinta sai ya ɗaga kai, ya ga tana nan, ya sa alama, ya wuce. In tambaya ta zo kanta ya ce, "Madmazel ta bakin taga," wato budurwa da Faransanci.

Abokinsa Alhasan, wanda suka yi makarantar allo tare, shi ya buɗe shagon intanet a Titin Koudoukou, kwamfuta shida da janareta mai tari. A can Malam ya ci karo da wani shafi na koyon kimiyya. Duk gwajin da ya yi shekaru yana zanawa da alli yana cewa "ku ƙaddara ruwan ya koma shuɗi," ga shi a bidiyo ruwan yana komawa shuɗi. Akwai tambayoyi a ƙarshen kowane darasi, shafin ne ke ba da maki da kansa, bisa ashirin. Akwai kuma ɗan akwatin rubutu inda ɗalibi zai ajiye abin da yake son tunawa.

Shafin yana son kowane ɗalibi ya shiga da adireshinsa na imel. A aji mai mutum arba'in da ɗaya, Malam kaɗai ke da shi. Sai ya rubuta nasa da kalmar sirrin a kan allo, ajin gaba ɗaya ya zama mutum guda.

"Masu shafin nan suna can suna mamaki," in ji Alhasan. "Wani Rilwanu a Bangui, da safe ya ci ashirin, da azahar ya ci uku. Za su ce aljanu gare ka."

"Ka kunna injinka dai, mai sayar da iska."

A ƙarshen 2013 gari ya rikice. Hanyar makaranta ta zama wadda Musulmi ba ya bi ya dawo. An fasa gidan da Malam ke haya a bakin unguwar Yakité, aka kwashe har wayarsa da lambobin da ke ciki. Unguwa ta cika da mutanen da suka gudo daga wasu unguwanni, kuma manyan motocin da suka saba kawo kaya daga Kamaru suka fara komawa da mutane. A watan Fabrairu ya samar wa Hajiya wuri a gaban motar wani direba da ya sani. Wuri ɗaya ne tak. Yarinyar ta hau bayan wata motar tare da 'yan mata, da jakar littattafanta a cinya. Shi ya tsaya, don mata da tsofaffi aka fara ɗauka.

Da motar yarinyar ta tashi ya ɗaga mata hannu ya ce, "A riƙa duba sinadarai, bak na nan tafe." Bak ita ce jarrabawar gama sakandare. Ta sunkuyar da kai yadda ta saba. Sallamarsu ke nan.

Bayan kwana goma sha biyu direban ya dawo. Ya sauke Hajiya lafiya a Garoua-Boulaï, garin kan iyaka, har ya ga an shigar da ita rumfa. Ɗaya motar kuwa ta lalace a hanya, ayarin ya wuce ya bar ta, kuma har ya juyo bai ga isowarta ba. Bai san komai ba bayan haka.

Malam ya zama mutumin bakin tasha. Duk motar da ta shigo yana tsaye. Wani ya ce ya ji an gyara motar, wani ya ce ba waccan ba ce, wata ce. Ran nan Alhasan ya aika a kira shi.

"Zo ka ga aljanunka. Sun fara dawowa."

A akwatin rubutun shafin, ɗaliban da suka watse sun fara amsa kiran suna ba tare da an kira su ba. Wani daga Njamena, wata daga Duwala, kowa ya sa sunansa ya rubuta "mbi yeke da," wato "ina nan" da Sango. Cikinsu akwai Ikram, wadda ke zama a bayan 'yarsa a aji. Ubanta Musulmi ne, uwarta mutuniyar bakin kogi, Sango ne harshen gidansu, Hausarta kuma ta cinikin kasuwa ce. Ta rubuta cewa tana Garoua-Boulaï, sau ɗaya a mako take samun shiga gari ta taɓa kwamfuta. Ta ƙara da Hausa, "Malam, sai haƙuri."

A wancan lokacin kowa haka yake ce wa kowa. Malam bai tsaya a kan kalmar ba. Garin da ta ambata ne ya ɗauke masa hankali. Ya ja kujera, ya daɗe yana kallon allon rubutu, sannan ya buga da yatsa ɗaya: "Ikram, uwata ta iso?"

Alhasan ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ka sa suna mana."

"Mutum arba'in ne za su karanta."

"To sai me? Yaƙi ake yi, kai kana kunya."

"Ta gane."

Ya yi kwana shida yana zuwa shagon safe da yamma. A na bakwai amsa ta zo, rabi Hausa rabi Faransanci: "I Malam, ta iso. Rumfarmu ɗaya. Tana lafiya, sai dai ba ta cin abinci sosai. Ta ce ka yi haƙuri."

A nan cikin shagon ya yi sujada, tsakanin wayoyin lantarki. Washegari ya sa aka soya waina ya raba sadaka. Ya bi Titin Koudoukou yana ba da albishir, ga mai shayi, ga masu canji, ga limamin masallacinsu. Mutanen da suka kwana biyu ba su ji labari mai daɗi ba suka riƙe nasa kamar nasu.

Daga ranar ya koma aikinsa. Ya zauna ya tsara darussan shafin bi da bi, ya ware waɗanda suka fi fitowa a bak. A akwatin rubutu yake barin umarni, ba suna: "Ki fara da darasi na tara. Ki kula da alamar ragi, nan kike faɗuwa." In mako ya zagayo sai ya tarar an yi darasi na tara. Sha ɗaya bisa ashirin. Ya rubuta, "Ki maimaita." Aka maimaita, sha huɗu.

"Ka gani?" ya ce wa Alhasan. "A rumfa take, ba fitila, ba tebur."

"Na gani. Amma me ya hana ta rubuto maka ko gaisuwa?"

"A gida ma yaushe ta taɓa tsayawa gabana ta yi dogon zance? Ga gaisuwarta nan, sha huɗu."

Alhasan ya tafi duba janaretansa.

Mako bakwai aka yi haka. Malam har ya fara tambayar direbobi ko 'yan gudun hijira za su iya zana jarrabawa a Kamaru, da irin takardun da ake nema. Ya sa lambar wayar Alhasan a shafin tun farko, amma ba wanda ya kira sai wata Laraba bayan azahar. Alhasan ya ɗauka, ya saurara, ya miƙo.

"Ikram ce."

Muryarta na zuwa tana yankewa. Ta gaishe shi da Sango. Ta ce za a kwashe su zuwa wani sansani can ciki, inda ba intanet, shi ya sa ta ari waya. "Ga mamanka, Malam, ta ce sai ta ji muryarka."

Ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa kamar ana ganinsa.

"Uwata?"

Sai wata murya ta zo, tsohuwa, a dushe.

"Rilwanu, ni ce."

"Hajiya. Ina wuni. Ya jiki, ya baƙunta?"

"Wa ka kira yanzu?"

"Na zaci ita ce. Tana kusa? A ba ta."

Ya ji numfashin tsohuwar a wayar, ya ji kukan wani jariri a bayanta, da wata mata tana kiran a kawo bokiti.

"Ba a gaya maka ba," in ji Hajiya. Ba tambaya take yi ba. "Duk kwanakin nan ba a gaya maka ba."

Ta faɗa masa a hankali, yadda ake ba mara lafiya ruwa. Motar ta kwana a inda ta lalace. Da safe wasu mutane suka fito daga daji. Mutum biyar aka rasa, takwararta Kubura na ciki. Waɗanda suka tsira ne suka yi musu sutura a gefen hanya kafin wani ayari ya kwashe su. Ikram na cikin motar, ita ta kawo mata jakar littattafan.

"Na aiko maka ka yi haƙuri. Da na ji an ce kana ta koyarwa, na ce Allah ya ba yaron nan zuciya."

Bai san lokacin da wayar ta koma hannun Ikram ba. Kuka take yi, Hausarta ta gudu, sai Sango.

"Na zaci ka sani, Malam. Na ce maka sai haƙuri. Ka tambayi mamanka, na ce ta iso. Ai ta iso."

"Ta iso," ya ce. "Ba ki yi ƙarya ba."

"Da a ce ka ce Kubura..."

"Na sani." Ya gyara riƙon wayar. "Darussan fa? Wa ke yi?"

"Ni ce. Ka ce ki maimaita, na maimaita. Na zaci da ni kake."

Layin ya yanke, ko ita ta kashe. Malam ya ajiye wayar a kan tebur, a hankali, ya daidaita ta da gefen tebur ɗin. Alhasan ya sallami mutum biyun da ke kan kwamfuta, ya kashe janareta. Shagon ya yi tsit, har ana jin masu tura baro a titi.

"Ka ce in sa suna," in ji Malam.

"Bari wannan maganar. Ko ka sa, abin ya riga ya faru."

"Da na yi mata addu'ar da ta dace da ita. Kwana arba'in ya wuce ina mata addu'ar cin jarrabawa."

Alhasan ya ce zai je ya sanar da liman da sauran jama'a, shi ya zauna. Malam ya ƙi. Ya ce shi ya kai albishir ɗin da ƙafarsa, ba zai aika wani ya karɓo ba.

Har yau yana koyarwa, a wata makaranta cikin unguwa, kuma har yau yana kai ɗalibai shagon Alhasan su ga ruwa ya koma shuɗi. Waɗanda suka san shi da can sun ce muryarsa ce ta ragu, sai na layin gaba ke jinsa sosai. Amma abin da mutanen Koudoukou suka fi tunawa shi ne yammacin Larabar nan, da suka gan shi ya fito daga shagon yana tafiya a tsakiyar rana ba ya neman inuwa. Mai shayi ne ya fara hango shi, ya ɗaga ludayi yana dariya.

"Malam Labo, ya 'yar bak? Nawa ta ci wannan makon?"

Malam ya tsaya a gaban teburin. Ya cire takalmansa kamar zai shiga masallaci, ya zauna a bakin benci.

"Sauke tukunyar tukuna, Idrisu," ya ce. "Magana na zo da ita."